Ɓarawo ya shigo: a tare shi ko a ba shi hanya?

Ƙarfe biyun dare a unguwar Jekadafari da ke Gombe, sai ka ji an taɓa sarƙar da ka ɗaure babur da ita a tsakar gida. Hannunka ya riga ya kai kan gora. Dakata tukuna, kada ka zare sakata.

Doka ba ta hana ka kare dukiyarka ba. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda da hakan, haka ma dokar Penal Code da Arewa ke aiki da ita tun 1960. Sai dai da sharaɗi biyu: kada ƙarfin da za ka sa ya wuce wanda ake bukata don tsayar da ɓarnar, kuma in akwai sararin kiran hukuma, to ita za ka kira. Kariyar ba ta kai ga kisa sai a wurare ƙalilan, kamar fashi, fasa gida cikin dare, cinna wa gida wuta, ko satar da ta zo da barazanar kisa ko mummunan rauni. Yaron da ya fizgi waya a Babbar Kasuwa ya ranta a na kare ba ya cikin wannan sahu.

Masu kafa hujja da hadisin cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada, su tuna da ruwayar Nasa'i: a fara da tuna masa Allah, a nemi taimakon jama'a, a nemi na hukuma, sannan faɗa ya zo a ƙarshe.

To, a aikace fa? Abu na farko, hannunsa. In ba ka ga abin da ke ciki ba, ɗauka akwai wuƙa ko barandami. Mutanen Gombe sun san aikin 'yan daban nan, 'yan Kalare, ba sai an yi dogon bayani ba. Mai wuƙa da ke taku uku ko huɗu daga gare ka zai cim maka kafin ka ɗaga gora, kuma sara ɗaya a wuya ko cikin cinya kan zubar da jinin mutum cikin 'yan mintuna, tun ba a samo Keke Napep ba.

Na biyu, da wuya ɓarawon dare ya zo shi kaɗai. Kana fama da na ciki, mai gadin hanya na bayan katanga.

Babban kuskuren masu gida shi ne tsayawa a bakin zaure. Ɓarawon da ya ga hanyar fita gudu yake yi, wanda aka ritsa kuwa shi ke sara. Don haka tara iyali a ɗaki ɗaya, ka kulle, ka kunna fitilar waje, ka busa usur ko ka kwarma ihu ta taga. Kira maƙwabci da 'yan sintirin unguwa, sannan lambar gaggawa ta 112 ko lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ajiye lambobin nan tun yau, ba a neman lamba hannu na rawa. In ya fita, kada ka bi shi lungu.

A kan titi kuma, in an nuna maka makami, miƙa wayar. Ka fara da kiran banki a rufe asusu, sannan a toshe layin, domin kuɗin da ke ciki ake hari. Lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, wadda danna *#06# ke nunawa, ka rubuta ta a takarda a gida tun yau.

Idan jama'a sun kama shi fa? Nan ne mai gaskiya ke komawa mai laifi. Doka ta ba kowa damar kama wanda ya gani yana sata, amma a miƙa shi ga 'yan sanda nan take. Wanda aka ɗaure ba barazana ba ne kuma. Duk wanda ya kai masa duka, balle taya da fetur, ana iya gurfanar da shi, har da tuhumar kisan kai. Kuma ihun "ɓarawo" ya sha faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Bindiga, ko ta mafarauta ce, sai da lasisi.

Gari na wayewa, kada a taɓa kwaɗon da aka ɓalle. Ɗauki hotonsa, ka tafi ofishin 'yan sanda da rasiɗin babur, lambar inji da ta jikinsa.