Wa ke cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori?

Hadiza: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau dasashi muka sa a gaba. Likita, mutum ya goge baki ya ga jini, sai ya ɗora wa buroshi laifi.

Dakta Bashir: Galibi ba buroshin ba ne, Malama Hadiza. Dauɗar nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori cike take da ƙwayoyin cuta. Da jiki ya ji su, sai jijiyoyin jinin dasashi su buɗe, fararen ƙwayoyin jini su kwararo wurin, musamman waɗanda ake kira niyutirofil. Shi ya sa dasashi ke ja, ya kumbura, ya riƙa jini.

Sani: To ai taimako suka kawo.

Dakta Bashir: Ƙwarai kuwa. Yaran da aka haifa da larurar da ke hana niyutirofil isa wurin, tun suna ƙanana haƙoransu ke zubewa. Matsalar ita ce faɗan ya ƙi ƙarewa. Sinadaran da niyutirofil ke fesa wa ƙwayoyin cutar su ne ke narkar da zaren da ya ɗaure haƙori da ƙashi. Sannan garkuwar jiki ta saki wani sinadari, RANKL, wanda ke tayar da ƙwayoyin jiki da aikinsu rushe ƙashi ne.

Sani: Dakata, Likita. Wato jikina ne ke cinye ƙashin muƙamuƙina?

Dakta Bashir: Mafi yawan ɓarnar daga nan take. Ƙwayoyin cuta su ke tsokana, jiki kuma ya wuce gona da iri.

Hadiza: Ana iya juya abin?

Dakta Bashir: A matakin farko, e. A 1965, wani likitan haƙori mai suna Harald Löe a ƙasar Denmak ya sa wasu masu lafiyayyen baki suka daina gogewa. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya lafa cikin kusan mako guda. Amma in ƙashi ya zaizaye, haƙori ya fara girgiɗi, ba ya dawowa da kansa. Sai dai likita ya kankare dauɗar da ta daskare don a tsayar da ɓarnar.

Sani: Ina da aboki mai shan sigari, yana alfahari dasashinsa ba ya jini.

Dakta Bashir: Shi na fi ji wa tsoro. Taba na matse jijiyoyin jinin, alamar ta ɓuya, ciwon yana ci ta ƙasa. Ka ce masa ya je a auna zurfin ramin da ke tsakanin dasashi da haƙorinsa.