Filtar op-amp: me ke faruwa idan firikwensi ya hau?

To jama'a ku kalli allon nan. Op-amp wani ɗan ƙaramin na'ura ne mai ƙara wa siginal ƙarfi. Siginal na shigowa ta rizista (mai rage gudun wuta) mai 10k, wato ohm 10,000, zuwa ƙafar op-amp mai alamar debewa, a hanyar fidbak kuma, wato hanyar da ke maido abin da ya fito zuwa wannan ƙafar, mun sa wata 10k ɗin, muka jera mata kafasita (mai tara caji) mai 15nF a gefe. Wannan ita ce filtar lo-fas, ƙananan firikwensi su wuce, manya kuma ta danne su. Firikwensi shi ne sau nawa siginal ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, da Hz ake auna shi.

Sirrin duk yana jikin kafasitar nan. Idan firikwensi na ƙasa tana tare hanya, dole wuta ta bi ta rizistar fidbak, amma da zarar ya fara hawa sai ta riƙa buɗewa tana buɗewa har ta zama gajeriyar hanya, shi ke nan abin da ke fitowa sai ya fara raguwa. Lissafin inda take fara yankewa shi ne 1 a raba da 2πRC (R rizistar fidbak, C kafasita), namu ya ba da kusan 1,060 Hz.

Yanzu ku duba osiloskop, na'urar da ke nuna siffar siginal. Na sa bolt 1 a 100 Hz, ya fito kusan yadda ya shiga, sai dai a kife, wannan aikin ƙafar debewa ne kada ya dame ku. Ina murɗawa ina ƙara firikwensi... gashi mun zo 1,060, ya koma 0.7, wato -3 dB ɗin da kuke ji (dB ma'aunin ƙaruwa ko raguwar siginal ne). Mutane da yawa sun ɗauka a nan siginal ke mutuwa, ina! Gangara ce, duk ninki goma na firikwensi 20 dB ke tafiya, a 10 kHz ma da sauran kusan 0.1. In kana son gangara mai tsini sai ka koma tsarin Sallen-Key na 1955, kafasita biyu, 40 dB a duk ninki goma.

Amma fa abin da ya fi cin masu koyo shi ne op-amp ɗin kansa ma yana da iyaka. Tsohon op-amp mai lamba 741 iyakarsa kusan 1 MHz ce, wato Hz miliyan ɗaya, kuma da ƙarin ƙarfin da ka nema ake raba wannan, ka ce ya ninka maka siginal sau 100, to a wajen 10 kHz ya fara gajiya ko da lissafin kafasitarka daidai ne. Ni dai in aikin sauti ne TL072 nake ɗauka, kusan 3 MHz, bari in cire wannan in sa shi mu sake murɗawa ku gani.