Hanci Ya Riga Hankali Isa

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, iyayenmu mata da ke can baya, sannunku da zuwa.

Bari in fara da tambaya. Wa ya taɓa shiga wani ɗaki, ƙamshin turaren wuta ya buge shi, sai kakarsa ta faɗo masa a rai, alhali ta shekara 20 da rasuwa? To, na ga hannuwa. Ku sauke. Wannan ba siddabaru ba ne, haka Allah ya shimfiɗa jijiyoyin kai.

Abin da ido ya gani da wanda kunne ya ji, sai sun yada zango a wani wuri a tsakiyar ƙwaƙwalwa, ana ce masa talamus. Ku ɗauke shi kamar tashar mota, daga nan ake rarraba fasinja. Saƙon hanci kuwa ba ya jiran lodi. Daga can saman kogon hanci yake shiga ƙasan ƙwaƙwalwa, ya zarce zuwa amigdala, mazaunin tsoro da motsin rai. Maƙwabciyarta ta kusa kuma ita ce ma'ajiyar abubuwan da muke tunawa. Shi ya sa gabanka yake faɗuwa, ko ranka ya yi sanyi, tun ba ka gane ƙamshin mene ne ba.

A 1991 ne Linda Buck da Richard Axel, a Amurka, suka gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera masu karɓar ƙamshi a hanci, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da irinsu wajen 400.

Amma fa hanci ɗan koyo ne. Daddawar da baƙo zai toshe wa hanci, kai da ka ji ta a miyar kuka sai yawunka ya tsinke, don da ita aka raine ka. Haka ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Wani sinadari ne, jiyosmin, wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa ke fitar da shi. Masani zai faɗa maka sunansa, manomi kuwa irin shuka zai je ya ɗauko.

Wari ma yana ceton rai. Iskar gas ba ta da wari a asalinta. A 1937 ta tsiyaya a wata makaranta a garin New London, jihar Texas, ba wanda ya ji, ta fashe, kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara. Bayan nan aka tilasta sanya mata wari. Don haka, iyayenmu mata, ɗoyin nan na tukunyar gas da gangan aka zuba shi. In kun ji, kada a kunna ashana, a buɗe tagogi.

Na so in taɓo masu cutar korona da hancinsu ya dushe a 2020, har abinci ya koma musu lami, amma an yi mini alama la'asar ta yi. Bayan sallah sai mu ɗora.