Lacca kan fitilar injin mota da lambobin da take nunawa

Assalamu alaikum. Iyayengidanmu masu garaji da ƙannenmu masu koyon sana'a, na gode da kuka ajiye kayan aiki kuka zo. Zancenmu na yau shi ne fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar injin, wadda ke kamawa a gaban direba.

Tun shekarar 1996 Amurka ta wajabta tsarin binciken matsalar mota da ake kira OBD-II ga motocin da ake sayarwa a ƙasarta, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur, sannan a 2004 ga masu shan gazuwal. Shi ya sa yawancin motocin da aka sauke a Kwatano ko Lome suka iso mana Maradi suke da wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike ta karanto abin da kwamfutar mota ta ajiye. Abin da za ku gani harafi ɗaya ne da lambobi huɗu, kuma harafin P na injin ne da giya.

To, a nan ne da yawa daga cikinmu muke tafka kuskure, domin lambar tana faɗin inda kwamfuta ta ga abu ya kauce ne, ba ta cewa ga kayan da za a saya. An taɓa kawo mini wata Corolla mai nuna P0171, wato iska ta yi wa mai yawa a cikin injin, alhali ƙa'ida ita ce kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Mai motar ya riga ya sayi sabuwar sensar iskar salansa, mai auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi, a wani wuri, an ɗaura, fitila ta mutu kwana biyu ta dawo. Da na tayar da injin na kasa kunne, sai na ji wani siririn fito daga robar da ke kai iska, na lanƙwasa ta da hannu, sai ga tsaga a cikin ninkinta wadda zafi ya busar. Iska tana shiga ta nan, a bayan sensar da ke auna iskar da ke shiga injin, sensar da aka cire kuwa, baiwar Allah, gaskiya take faɗi tun farko. A garinmu ku ƙara da duba sensar auna iska, wadda ƙurar hunturu ke rufewa, da matatar mai, musamman ga mai sayen man kwalba a bakin hanya.

Idan kuma kuka ga P0302, silinda ta biyu ce ba ta ƙona mai daidai. Kada ku aika yaro kasuwa tukuna. Ku cire kwayil ɗin ta biyu, wato abin da ke ba buji wuta, ku musanya shi da na ta uku, ku goge lambar, ku tayar da mota. In lambar ta koma P0303, wato silinda ta uku, laifin ya bi kwayil, in kuma ta tsaya a kan ta biyu, sai ku duba buji, da injekta mai fesa mai, da ƙarfin matsin silindar. In fitilar tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, ku ce wa direba ya faka, domin ɗanyen mai yana gangarawa salansa yana ƙona katalizar, wato matatar hayaƙi, wadda kuɗinta ya ninka na kwayil sau da yawa.

Game da masu cire kan batir don fitila ta mutu, a ganina wannan rufa ido ne, kuma yana share bayanin da kwamfuta ta riƙe na lokacin da matsalar ta faru, irin su zafin injin da gudun mota. Ku rubuta lambar da wannan bayani a takarda kafin ku goge komai. Bayan gyara kuma ku fita da motar, ku miƙa hanyar Tibiri har injin ya yi zafi, ku dawo ku sake jona na'ura kafin ku miƙa wa mai ita makulli.