Kwana biyar a Madison Square Garden: yadda gasar Big East take

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Wannan zauren da kuke gani shi ne Madison Square Garden, a tsakiyar birnin New York. Tun shekarar 1983, idan watan Maris ya kama, a nan jami'o'in rukunin Big East suke haɗuwa don fitar da gwani a ƙwallon kwando na maza.

Ga yadda tsarin yake. Jami'o'i sama da 350 ne ke buga mataki mafi girma a ƙarƙashin NCAA, hukumar wasannin jami'o'i a Amurka, an kuma raba su rukuni-rukuni. Daga Nuwamba har farkon Maris ana ta fafatawa. Wanda ya saba da gasar Firimiya zai ce ai shi ke nan, wanda ya ƙare a saman teburi ya gama aikinsa. To, a nan da sauran rina a kaba. Sai a sake tara ƙungiyoyin rukunin wuri guda, a yi sili-ɗaya-ƙwale cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya ɗaga kofin ya samu gurbi kai tsaye a babbar gasar ƙasa da ake kira March Madness, ko da kuwa ya sha kashi duk tsawon kaka. Sauran sai su zuba ido su ga ko kwamitin zaɓe zai gayyace su.

Wannan ne ya sa ake buga wasannin nan kamar rai zai fita.

Ku dubi daren 12 ga Maris, 2009. Syracuse da Connecticut, wadda aka fi sani da UConn. Wasan jami'a minti 40 ne, idan aka yi kunnen doki a ƙara minti 5. A wannan daren sai da aka yi ƙarin lokaci har sau shida! A biyar ɗin farko, Syracuse ba ta taɓa shiga gaba ba ko sau ɗaya, kullum biyo baya take tana farkewa. A na shida ta ƙwace, aka tashi 127 da 117, ƙarfe ɗaya na dare ya riga ya gota.

Amma ni, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2011. UConn ta ƙare kaka da nasara 9 da rashin nasara 9 a rukuni, tana ta tara a jeri. Manyan ƙungiyoyi ana ba su hutun zagayen farko, ita kuwa dole ta fara tun daga ranar farko. Wasa biyar a kwana biyar ke nan idan tana son kofi, babu ranar hutu ko ɗaya.

Ta doke DePaul, ta doke Georgetown. Rana ta uku sai ga Pittsburgh, wadda ta zo ta ɗaya a rukunin. Maki ya yi daidai, saura 'yan daƙiƙu, ƙwallo na hannun Kemba Walker, ɗan wasan UConn. Ku kalli ƙafafunsa da kyau. Ya yi kamar zai kutsa, ya ja da baya, mai tsaronsa ya zube ƙasa, ya jefa, ta faɗa kwando daidai ƙarar tashi.

Washegari suka fitar da Syracuse a ƙarin lokaci, sannan suka doke Louisville 69 da 66 a wasan ƙarshe. Walker shi kaɗai ya zura maki 130 a kwanakin nan biyar.

Kuma ba su tsaya nan ba. Suka shiga gasar ƙasa, suka ci wasa shida a jere, suka doke Butler 53 da 41 a birnin Houston, suka koma gida da kofin Amurka baki ɗaya.