Lacca: Ceton gidajen da aka haifi kiɗan bulus da rok a Amurka

Jama'a, barkanmu da war haka. Mu fara da birnin Memfis. A lamba 706 kan titin Union akwai ɗakin ɗaukar sauti na Sun, wanda Sam Phillips ya buɗe a 1950. Nan mawaƙan bulus B.B. King da Howlin' Wolf suka yi aiki, nan Elvis Presley ya fitar da faifansa na farko a 1954.

To, dukiyar irin wannan wuri amon ɗakin ce. A bangon akwai fararen allunan nan masu ƙananan ramuka, su ne ke shanye sauti. Mai gyara in ya ga sun yi dauɗa, hannunsa sai ya tafi ga fenti. Kuskure ke nan. Fenti yana toshe ramukan, ɗaki ya koma yana amsa kuwwa. Buroshi mai laushi ya isa. Kuma kafin a ɓamɓare ko ɗaya a kai gutsure ɗakin gwaji, domin kayan gini na wancan zamani sukan ƙunshi asbestos mai lalata huhu.

Ku dubi ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Stax, duk a Memfis. Tsohon gidan silima ne, daɓensa gangare, kuma gangaren nan yana cikin abin da ya ba kiɗansu ɗanɗano. An rushe shi a 1989. Gidan tarihin da aka buɗe a filin a 2003 kwaikwayo ne, mai kyau dai, amma kwaikwayo.

Bukkokin katako na jihar Misisifi kuwa, inda mawaƙan bulus suka zauna, ruwa ne ajalinsu. Kwano ya yi yoyo, katako ya jiƙa, gara ta shigo. Saboda haka rufi ake fara gyarawa, sai indararo, sannan a ɗaga ginin daga ƙasa iska ta riƙa ratsawa. In dole sai an ɗauke, a ɗauki hoto, a sa wa kowane katako lamba kafin a zare ƙusa. Bukkar mawaƙin bulus Muddy Waters ta gonar Stovall, inda aka fara naɗar muryarsa a 1941, yanzu tana cikin gidan tarihin bulus na Clarksdale. Ta tsira, sai dai an raba ta da gonar audugar da ta ba ta ma'ana.

Batun doka kuma, ku lura. Shigar da gida rajistar wuraren tarihi ta ƙasa ba ya hana mai shi rushewa da kuɗinsa. Abin da ke ɗaure masa hannu dokar birni ce, ko yarjejeniyar da aka rubuta a takardar filin, wadda take bin duk wanda ya saya.