Ranar da Fili Ya Ƙi Cika: Laccar Wani Tsohon DJ a Zariya

Wannan lacca ce da wani tsohon DJ ya yi wa matasa masu sa kiɗa a wuraren biki da 'yan MC, a wani ɗakin taro da ke Sabon Garin Zariya. An kwafo ta daga abin da aka naɗa a waya, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Malam shugaban zama, yayyena a wannan sana'a da na hango can baya, ƙannena maza da mata, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? Madalla. Ɗan'uwa, rage min amon nan kaɗan. Taron masu kayan sauti ne, a ce makirfo na kuka, ai da kunya.

An ce in yi magana kan abin da kowane DJ ke tsoro amma ba ya faɗa a majalisa. Ka ɗaura kaya, sauti ya fita tas, kujeru sun cika, ka saki waƙar da ka tabbata ita ke tashe a gari, sai jama'a su zuba maka ido kamar ka zo karɓar haraji. Wanda abin bai taɓa samunsa ba ya ɗaga hannu. To, babu. Mun zama ɗaya.

Ni nawa ya same ni ne a Tudun Wada, zamanin kaset, lokacin da muke mayar da zare baya da biro don kada batir ya ƙare. Wunin biki ne a tsakar gida. Na sa waƙa ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Sai na yi abin da kowane sabon shiga ke yi, na ƙara murya. Na ƙara, na ƙara, har kwanon rufi na karkarwa. Can sai wata tsohuwa ta taso da sandarta, ta tsaya a kaina ta ce, "Ɗan nan, kurame aka ce maka an tara?" Na durƙusa na ce, "Iya, na ga ba su tashi ba ne." Ta ce, "Ka dubi wadda ke zaune a kan darduma can gaba? Uwar ango ce. Wace mara kunya ce za ta karkaɗa jiki a gaban surukar ƙawarta tun ba a kai amarya ba? Bari ta shiga ɗaki cin abinci." Wallahi uwar ango na ɗaga labule ta shige, fili ya cika da waƙar nan dai da suka ƙi ɗazu. Kaset ɗin ma ban juya ba.

Tun ranar na daina tambayar kaina wace waƙa zan sa. Tambayar farko ita ce: me ya zaunar da su? Labarin zuciya a tambayi fuska. Ku kuma yanzu fuskarku na cikin laftof, kuna neman fayil, mutanen da aka ɗauko ku dominsu ba ku ko kalle su ba.

Abubuwan da ke zaunar da mutane ba su da yawa, kuma yawancinsu ba su shafi kiɗa ba. Yunwa tana gaba. An rubuta dina ƙarfe bakwai, amarya ba ta iso ba sai tara da rabi, ba a raba ko ruwa ba. Mai jin yunwa idonsa na kan ƙofar da ake fito da abinci. Haka wanda ya gama cika ciki da shinkafa da naman kaza yanzu-yanzu, shi ma ba shi minti ashirin. Akwai lokacin salla: in magariba ta kawo jiki, rabin hankalin maza ya tafi masallaci, kada ka ɓata waƙarka mai kyau a wannan tsakanin, kuma da ka ji an kira, kashe. Akwai hunturun Zariya, wanda duk kun san shi. A Disamba ko Janairu a yi taro a fili a Samaru, kowa ya dunƙule cikin mayafi, hannu a hammata. Sannan akwai tsarin wurin. In aka bar fili fetal kamar na ƙwallo tsakanin kujeru da inda amarya take, aka haske shi da fitila kamar rana, wanda ya fara fita ya zama abin kallo. Ka isa da wuri ka roƙi masu ado su matso da tebura, a rage hasken tsakiya. Ƙaramin fili da mutum goma ya fi kyan gani a kan babba da mutum talatin.

Amma babban abin, wanda nake so ku tafi da shi, kunya ce. Mu nan mutum ba ya tashi rawa don kiɗa ya yi daɗi kawai. Sai an ba shi dalilin da zai kare kansa da shi gobe. "Ai kiran mu aka yi." "Ai don amarya na fita." "Ai ƙawaye ne suka ja ni." In ba ka ba shi wannan mafakar ba, ko ƙafarsa na motsi a ƙarƙashin tebur, ba zai miƙe ba. Yanzu kuma waya ta ƙara dagula lamarin. Da, in kika yi rawa a gidan biki, ta ƙare a gidan. Yau kafin ki koma kujera wani ya ɗora ki a TikTok, yayanki na Kaduna ya gani, wanda ke neman aurenki ya gani. Yarinyar da ta ƙi tashi tana da hankali, lissafi take yi. Shi ya sa a wunin mata nakan ce wa uwar biki tun farko, a sanar cewa mai hoton da aka ɗauko shi kaɗai zai ɗauka. Wani lokaci wannan sanarwar kaɗai ta fi waƙa goma aiki.

Makaɗanmu na gargajiya sun riga mu gane wannan. Ku tuna mai kalangu a gidan biki. Yana da maroƙi a gefensa wanda ya san kowa: wannan 'yar gidan wane ce, jikar wane, mijinta ɗan kasuwa ne a Sabon Gari. Ya kira sunanta, ya yi mata kirari, mai kalangu ya matsa tsarkiya ya juya kiɗan ya nufo ta. Ta yaya za ta zauna? Zama ma a lokacin shi ne abin kunyar. Haka masu kiɗan ƙwarya a cikin gida, mata zalla, ba namiji, kowa ta saki jiki. Mu da muka zo da kwamfuta mai waƙa dubu goma, mun ɗauki kiɗan mun bar sanin mutane. Saboda haka ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin biki ka kira babbar ƙawa da babban abokin ango. Su wa za su zo? Dangin amarya daga ina suke? Akwai Fulani, akwai Nupawa, akwai Yarabawa a dangin uwa? 'Yan ajinsu na makaranta za su zo? Wace waƙa amarya ke so, wace ce ba ta son ji ko kaɗan? Ka rubuta. Ranar biki kai da MC ku riƙa kira rukuni-rukuni: masu anko kore, ƙannen ango, 'yan ajin amarya. Mutum ɗaya yana jin kunya, mutum takwas masu kaya iri ɗaya ba sa ji. Kuma a kowane taro akwai wata gwaggo, kun san ta, mai guɗa, wadda ba ta shakkar kowa. Nemo ta tun da wuri, ka gaishe ta da ladabi, ka tambaye ta waƙar zamaninsu. In ta fita ta buɗe fili, yara sun sami izini.

To, bari mu taɓa na'ura, kada ku ce tsoho ya zo da tatsuniya kawai.

Wannan sana'a da kallon jama'a ta fara. A 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, wani matashi haifaffen Jamaika da ake kira DJ Kool Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da mawaƙi ya yi shiru ganguna suka rage su kaɗai. Sai ya sami faifai biyu iri ɗaya, in gaɓar ta ƙare a wannan ya sake ta a wancan, ya tsawaita ta. Daga nan kiɗan hip-hop ya samo tushe. Abin da ya ba shi wannan dabara idonsa ne, yana kan ƙafafun mutane.

Kowace waƙa tana da saurin bugunta, abin da manhajojin sa kiɗa irin su VirtualDJ ko Serato ke nuna muku da lamba, wato bugu nawa a minti ɗaya. Amapiano, kiɗan nan na Afirka ta Kudu, na yawo wajen 110 zuwa 115. Kuskuren da nake gani shi ne, mutane na zaune a sanyaye, sai yaro ya antayo musu abu mai gudu 130, wai ya tashe su. Wanda ke zaune ba ya tashi da gudu. Fara da mai taushi wanda kowa ya haddace baitinsa, ka ga an fara gyaɗa kai, leɓe na motsi. Wannan ita ce alamar farko, kuma ta fi tafi muhimmanci. Sai ka ɗaga kaɗan-kaɗan, uku ko huɗu a kowace waƙa, har su tsinci kansu a tsaye. In ka saki waƙa ka ga ta mutu, kada ka yi mata biyayya har ƙarshe don kai kana son ta. Da amshi ya wuce, zare ta. Kuma kada ka ƙone manyan waƙoƙinka a farkon dare kan kujeru. Riƙe uku a aljihu. Hausawa sun ce in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Mu a wurinmu a juye take: in rawa ta ƙi, kiɗan ne zai canja.

Maganar ƙara murya, wadda ta jawo min faɗan Iya. Akwai bambanci tsakanin ƙara da nauyi. A 2022 masu bincike a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada sun yi gwaji a wani wasan kiɗa da rawa na gaske. Sun sa wasu lasifikoki masu fitar da bes, wato sauti mai nauyi, mai zurfin da kunne ba ya kama shi, suna kunnawa suna kashewa duk bayan minti biyu da rabi, mutane ba su sani ba. Duk lokacin da aka kunna, motsin masu rawa ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari. Jiki ne ke jin sa. Saboda haka abin da ke tayar da mutum shi ne dukan da ke sauka a ƙirji da tafin ƙafa. Tsinin sama mai huda kunne kuwa korar mutane yake yi, tsofaffi su fara tafiya, masu jarirai su bi su. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2022 ta ba da shawarar kada matsakaicin sauti a wuraren nishaɗi ya wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti. Ni da ke gabanku kunnena na hagu yana ƙugi dare da rana, kyautar shekarun da na yi tsaye a gindin sifika. Ku sauke manhajar auna sauti a waya, kyauta ce.

Sai liƙi. Da, liƙi ne injin fili: mutum ya fito zai yi wa amarya liƙi, ya ɗan taka, shi ke nan ya shiga. A farkon 2023, bayan an canja fasalin naira, takardar kuɗi ta yi wuya, duk mun ga yadda fili ya mutu, don ba wanda zai fito hannu rabbana. Ga kuma doka: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da taka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma daga 2024 EFCC ta gurfanar da mutane a kai. Manya da yawa yanzu suna tsoron kyamara ta kama su. Ku tanadi faranti ko kwando mai kyau, MC ya ce a zo a saka wa amarya a ciki. Dalilin fitowa dai ya samu.

Kuma Zariya ba gari ɗaya ba ne a wannan fanni. Taron ɗaliban ABU a Samaru ko Kongo, inda aka haɗa yaran jihohi daban-daban, daban yake da biki a cikin Birni bayan Ƙofar Doka, daban da na Wusasa, daban da liyafar sojoji. Jakar waƙa ɗaya ba ta yi musu duka. Akwai kuma taron da ba na rawa ba ne sam. Wasu gidajen sun ɗauko ka ne don kada wuri ya yi tsit, rawa a gaban maza kuwa ba tarbiyyarsu ba ce, kuma suna da gaskiyarsu. In ka ga haka, sassauta, ka bar su su yi zumunci. Abin da na fi tsana shi ne DJ ya ɗauki makirfo yana cewa, "Wai ba ku ci abinci ba ne?" ko "Zariya ba ku iya rawa ba." Ka zagi baƙin mutum a bikin 'yarsa, sannan ka miƙa hannu a biya ka?

Na ga hannu can. Bismillah, ƙanena.

"Oga, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rawa fa? Kafin a tayar da janareta kowa ya zauna."

Tun farko a kan janareta za ka ɗora kayanka, ka bar wutar gari wa fanka da fitilu. In duk da haka ya mutu, MC ya ci gaba da baki, ya ja amshin waƙar, a yi tafi, gwaggon nan ta rangaɗa guɗa. In wuta ta dawo kada ka ci gaba daga inda ta tsaya, jawo ɗaya daga cikin ukun nan na aljihu.

Hajiya, ke ce ta ƙarshe, an ce lokaci ya tafi.

"Yallaɓai, ni MC ce. An taɓa hana mu cikon kuɗinmu wai ba a yi rawa ba. Ya za mu yi?"

Ni ma an yi min, a wani ɗakin taro a hanyar Kwangila, kuma uban amarya da kansa ne ya hana a tashi. Tun daga ranar nake karɓar kashi biyu cikin uku kafin in ɗora kaya a mota, sauran kuma kafin amarya ta shigo. Ki faɗa musu tun a waya, da murmushi: sauti da tsari ne aikinmu, ƙafafun baƙi na masu su ne. Ki tura musu a rubuce ta WhatsApp, su amsa da "to", ki ajiye.

Ga kiran salla can. Ɗan'uwa, kashe kayan.